Shekarar da Na Yi Kiwon Ƙuda

Ɗanmu na fari ya kai wata uku kafin in yarda da abin da nake gani. A lokacin ina koyarwa a makarantar elimantare ta Isa, shekarata ta biyu ke nan da fitowa daga kwalejin horon malamai. Turawa ba su tafi ba tukuna, ko da yake an fara maganar tafiyarsu a bakin kasuwa. Gidanmu yana bayan makaranta. Mu uku ne kafin a haife shi: ni, da matata 'yar Tozai, da Inna mahaifiyata, wadda ta biyo ni tun da Baba ya rasu.

Ɗan fari ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a kuma zuba masa ido, don haka satar kallonsa nake yi. In Inna ta shimfiɗe shi a tabarma ta shiga madafa, sai in yi kamar na zo ɗaukar buta, in tsuguna kusa da shi. Ƙwayar idonsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Tana kaɗawa hagu da dama ba hutu, kamar ruwa a ƙwaryar da aka ɗauko ana tafiya. Baƙin idon ma bai yi baƙi sosai ba, ya fi kusa da launin zuma. In aka fito da shi rana sai ya runtse, hawaye na zuba, alhali ba kuka yake yi ba.

Na ce wa kaina duk jarirai haka suke. Na riƙa leƙa idon goyon da 'yan mata masu tallar gyaɗa ke zuwa da su bakin makaranta. Kowane na duba, idonsa a tsaye yake, ya kafe ni da shi.

Inna ta riga ni gani, ita ce kuma ta fara furtawa.

"Yaron ga idonshi na rawa," ta ce wata rana tana yi masa wanka. Ta ɗaga kai ta dubi matata. "Da kina da ciki kin tafi gulbi da tsakar rana?"

"Ban tafi ba, Inna."

Aka fara tozali, aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi. Ni kuma na kai maganar wurin abokina mai kula da ɗakin magani na garin. Ya duba ya ce ba amodari ba ne, ba yana ba ce, bai ga hakiya ba, shi dai bai san wannan ba. Ya ce likita Bature mai zagaya zai sauka Sabon Birni mako mai zuwa, in kai shi.

Muka tashi bayan sallar asuba, Inna a kan jaki da yaron a bayanta, ni ina tura kekena a gefe. Mun kwana gidan wani ɗan'uwan Baba, washegari muka bi layi a bakin bariki har rana ta take. Da aka zo kanmu likitan ya haska idon da tocila, ya wuce da yatsa ta gaban fuskar yaron sau biyu. Ban jira tafinta ba, na yi masa magana da Turanci. Ya ce ba abin da ya shiga idon, haka aka gina shi tun a ciki. Ya ce zai gani, amma ba zai gani da nisa ba, kuma babu magani. Na tambaye shi me ya sa aka gina shi haka. Ya riga ya juya yana wanke hannu. Ya ce gado ne, ya ce a shigo da na gaba.

A waje Inna ta tambaye ni me ya ce. Na ce ya ce babu magani. Ɗaya kalmar na riƙe ta a cikina.

Kalmar nan ce ta hana ni zama. A aji sai in kama kaina ina kai da komowa tsakanin bencina, yara na jiran in ƙarasa jimlar da na fara a allo. In na zauna cin abinci sai in tashi ban gama ba. Abu biyu ke cina. Na farko, na ɗauka duniya gaba ɗaya rawa take yi a idon yaron, bango da fuskar uwarsa da komai, kuma haka za ta yi ta yi masa har ya mutu. Na biyu, kalmar likitan. Na bi danginmu ɗaya bayan ɗaya, ina jan Inna da hira kan kakanni kamar don nishaɗi. Akwai gurgu, akwai mai in'ina, akwai wadda ta makance da tsufa, amma babu mai rawar ido. Surukaina kuwa na san su. Mahaifin matata yakan hango baƙo tun daga ƙarshen gona, mahaifiyarta tana zura zare a allura ba ta neman taimako. Yaya mutum zai gaji abin da uwarsa ba ta da shi, ubansa ba shi da shi?

Wata Asabar ina neman wata takarda a akwatina na ci karo da littafin da na rubuta darasin halitta a kwaleji. A wani shafi akwai zanen ƙuda da na kwaikwaya daga allo, da ƙaton ido. Sai darasin ya dawo mini. Baturen da ya koyar da mu ya ce akwai wani ɗan ƙuda, ba na gida ba, ƙarami ƙwarai, mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Idonsa ja ne. Masana a ƙasashensu suna kiwonsa a kwalba domin a cikin mako biyu ya haihu, 'ya'yan ma sun isa haihuwa. Ya ce wata rana aka ga ɗaya mai farin ido. Aka haɗa shi da mace mai jan ido, 'ya'yan duk suka fito da ja. Amma a jikoki sai farin ya dawo, kuma a maza kaɗai. Ya ce a cikin irin kowane mai rai akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa jere kamar duwatsu a zare, kowane da aikinsa, wani shi ke faɗin launin ido, wani girmansa, kuma wani yana iya ɓoyewa a jikin mai lafiya ya wuce zuwa gaba. Na tuna wani a ajinmu ya ɗaga hannu ya tambaya ko mutanen ƙasarsu ba su da wani aikin yi ne. Mun yi dariya, mun kwafa, mun ci jarrabawa, mun manta.

Na karanta shafin a tsaye. Ban yarda ba, ban kuma ƙi ba. So nake in gani da idona.

Lokacin mangwaro ya kusa ƙarewa, nunu, wato 'ya'yan itacen ɗanya, ya fara zuba. Na ɗauki gilashin ƙara girma na akwatin makaranta na gangara fadama. A ƙarƙashin wata ɗanya na tsuguna, na juya wani nunu da ya fashe, sai ga su sun tashi kamar hayaƙi. Ashe su ne waɗanda nake kora daga bakin ludayin fura tun ina yaro. Na danne ɗaya da ɗan yatsa a hankali na sa masa gilashi. Idon ja zur kamar barkono, ya cinye kusan rabin kan, kuma ba sumul yake ba, ɗigo-ɗigo ne jere kamar saƙar zuma. Na daɗe a wurin har wani mai lambu ya zo ya tambaye ni ko na yar da wani abu.

Abokina ya ba ni kwalaben magani da suka ƙare. Na wanke su, na dama nunu da ƙullun gero mai tsami na zuba a gindin kowace, na toshe baki da kaɗa, wato auduga. Kowace mace na kama sai in sa ta kwalbarta ita kaɗai, in bar 'ya'yanta su auri juna, in kwashe su zuwa sabuwar kwalba, haka har gaba. Tunanina shi ne, in akwai abin da ke ɓoye, a cikin dangi ɗaya zai fi saurin fitowa.

Na farko zafin bazara ya kashe su a kwana uku. Na biyu kiyashi suka bi ta cikin kaɗar. Na uku fumfuna ta rufe abincin. Ranar da nake kankare kwalaben a bayan ɗaki cikin fushi, matata ta zo wucewa da tulu. Tun da na fara ba ta ce komai ba a kan abin.

"Malam, ka sa su gindin randa," ta ce. "Yashin wurin na da sanyi. Ka ɗora su cikin kasko da ruwa, kiyashi ba su ƙetarawa."

Haka na yi, suka rayu. Na koyi bambanta namiji da mace: namijin ya fi ƙanƙanta, ƙarshen cikinsa baƙi. Na koyi sumar da su da hayaƙin ganyen taba don su tsaya a duba su, bayan na kashe da yawa da hayaƙin da ya wuce kima. Da safe kafin a buga ƙararrawa ina gindin randa. Da hutun tara in rugo gida. Bayan la'asar in fito da su inuwar zaure, in zazzage a farar takarda, in bi su da gashin kaza ɗaya bayan ɗaya. Ja, ja, ja. Duk ja, duk cikakku.

Inna ta ce ita ba ta taɓa jin malamin makaranta da kiwon ƙuda ba, ta kuma ɗauke moɗarta daga kan wannan randar. Babban malaminmu ya ja ni gefe ya ce ana faɗi a gari wai wani asiri nake haɗawa don idon yarona, in yi hankali, da ma da ƙyar iyaye ke ba mu 'ya'yansu. Na ce masa darasi nake shiryawa. Na rame. Na daina zuwa hira ƙofar gidan abokina.

Damina ta yi tsaka lokacin da na gani. A wata kwalba da na ɗaura wa jan zare, cikin waɗanda na zazzage, ɗaya kansa ya yi mini wani iri. Na matso da gilashi. Idonsa bai kai rabin na 'yan'uwansa ba. Na ci gaba da tonawa, na samu wasu kaɗan, wani ma gefe ɗaya kusan babu idon sam, sai ɗan ɗigo. Iyayensu kuwa na duba su da kaina mako biyu da suka wuce, lafiyarsu lau.

Ban gaya wa kowa ba. Na ware masu ƙaramin idon na haɗa su da masu lafiya daga wata kwalba. 'Ya'yan suka fito duk da cikakken ido, kamar ba a taɓa yin komai ba. Na bar su suka auri juna, na zauna jiran jikoki. Ban taɓa ganin mako biyu masu tsawon waɗannan ba. Ina ɗaga kwalba ina kallon tsutsotsi suna hawa bango, ina jin kamar in tura su da hannu. Da suka ƙyanƙyashe sai ga abin ya dawo, a 'yan kaɗan, a maza da mata duka.

Shekaru masu yawa bayan haka, wata jikata da ta yi karatun irin waɗannan abubuwa a jami'a ta ce mini an gano a jikin wannan ƙudan, cikin 'yan mitsi-mitsin abubuwan nan, akwai guda ɗaya mai kama da sarkin magina, shi ke ba da umarnin a fara ginin ido, sauran su bi. Ta ce in ya samu naƙasa idon ya ƙanƙance ko ya ɓace, in kuma aka tashe shi a ƙafa ko a fiffike sai ido ya tsiro a wurin, kuma mutum ma yana da irinsa. Ta yi zaton zan ƙaryata. Na ce mata ta ci gaba, ina ji. Ban san ko shi ne ya naƙasa a kwalbata ba, babu kuma yadda za ni sani yanzu.

A ranar dai ban san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da na sani shi ne na ga abu ya ɓuya a jikin mai lafiya ya fito a jika. Na shiga gida da takardar a hannu. Inna na zaune tana tsinkar rama, matata na gefe tana ba yaron nono.

"Inna, na gane," na ce. "Ba iska ba ne, ba gulbi ba ne, ba bakin kowa ba. Gado ne. Likita ma haka ya ce, ni na ɓoye miki. Yana iya kwanciya a jikin uwa da uba ba a gani, sai ya fito ga ɗa. Ga shi nan na gani ga ƙudajen nan."

Inna ba ta dubi takardar ba. Ta ajiye ramar.

"Gado," ta ce. "To, daga wane ɓangare?"

Abin da ƙudajena suka nuna shi ne sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi yake fitowa, shi ya sa ya kama maza da mata. Da wannan na faɗa, da gaskiyar abin da na gani na faɗa. Amma ina cikin zumuɗin wanda ya san abu, sai bakina ya tafi ga darasin kwaleji.

"A littafi, akwai irin da ke fitowa ga maza. Shi ta wajen uwa yake biyowa."

Inna ta juya a hankali ta dubi matata. Matata ta cire yaron daga nono bai ƙoshi ba, ta saɓa shi a kafaɗa ta shiga ɗaki. Na tsaya a tsakar gida, ƙudajen suka farfaɗo a kan takardar suna tashi ɗaya-ɗaya.

Washegari da safe ina ɗaura igiyar takalmi ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Malam, ina da kawu," ta ce. "Wan innata ne. Yana can gaban Gatawa da shanunshi. Sau biyu na taɓa ganinshi ina ƙarama. Idonshi haka yake."

"Tun yaushe kika gane?"

"Tun kafin mu yi arba'in."

"Kina kallo muka tafi Sabon Birni? Kina kallo ina ta fama da kwalabe?"

"Mi za ni ce? Wa za ni gaya ma?" Ba ta ɗaga kai ba. "Ka ba ni izini in tafi Tozai in kwana biyu."

Na ba ta. Abin kunya, har da ɗan sauƙi na ji, domin hankalina ya riga ya tafi Gatawa. Bayan ta fita da yaron, Inna ta ce, ba da ƙarfi ba, da an yi bincike kafin aure. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba, alhali ni na sa mata maganar a baki.

An shiga hutu a makon. Na hau keke ranar kasuwar Gatawa. Ruwa ya ɓata hanya, rabin tafiyar tura keken na yi, taɓo na cika tayoyin ina ƙwaƙulewa da kara. Na isa bayan azahar na nufi kara, inda ake cinikin dabbobi. Ban gama kwatance ba aka nuna mini shi. Dogon tsoho ne da faffaɗar malfa, ya karkatar da kai gefe guda, yana shafa ƙirjin wata saniya, ya buɗe bakinta ya sa yatsa, mutum uku na tsaye suna jiran abin da zai ce. Da ya gama ya yi wa mai saniyar magana da Fillanci, ya juya ya yi wa mai saye da Hausa.

Na gaishe shi na faɗi ko ni wane ne. Ya kama hannuna ya jawo ni, ya kawo fuskarsa dab da tawa don ya gan ni. Idon ɗana ne sak a cikin tsohuwar fuska, launin zuman, da kaɗawar.

Muka zauna gindin wata tsamiya, ya sa aka kawo fura da nono. Na gaya masa an haifa masa jika mai irin idonsa. Ya ce Allah ya raya.

"Kawu, me kake gani?" na tambaye shi.

Ya nuna wajen rumfunan mahauta. "Daga nan ina ganin mutum na tahowa. Ko wane ne, sai ya yi magana, ko in ga tafiyarshi. Saniya kuwa ko cikin ɗari na san tawa."

"To rawar fa? Yaya kake tafiya ƙasa na rawa?"

"Wace ƙasa?"

"Duk abin da ka duba. Ba ya kaɗawa?"

Ya yi dariya har malfar ta zame. "Malam, ku ka ganin rawa. Ni ban ganinta. Sai da na yi wayo yara sunka gaya mini idona na motsi. Duniya tsaye take, kamar yadda take gare ka."

Na ajiye ludayin. Wata shida ina ɗauke da wannan. Na juya fuska wajen shanu don kada ya ga abin da ya same ni, na manta ba zai gani ba.

Da na dawo daidai na shiga tambaya. 'Ya'yansa maza duk idonsu lafiya. 'Ya'yansa mata ma haka. Amma babbar 'yarsa ta haifi namiji mai irin idon. Daidai da darasin kwaleji, ba ragi. Na zaro fensir da 'yar takarda daga aljihu. Ya ji motsinta.

"Mi kake rubutawa?"

"Yadda abin ya bi dangi."

"Kar ka sa ɗiyata cikin takarda."

Na mayar aljihu. Sai na ba shi labarin ƙudajen, ina ganin zai yi mamaki. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni ko masu ƙaramin idon suna samun abinci kamar sauran. Na ce suna samu. Ya gyaɗa kai, bai ƙara bi ta kansu ba.

"Ina ita ɗiyar ƙanwar tawa?"

"Tana Tozai."

"Ta tafi, ko an kore ta?"

Na gaya masa abin da na faɗa a tsakar gida, ban rage ba. Ya daɗe yana juya ludayi a ƙwarya.

"Da anka haife ni," ya ce, "dangin ubana sunka ce innata ta jawo. Ba su da littafi, amma haka sunka ce. Ta ɓoye ni cikin ɗaki shekara bakwai don kar a gani a yi magana. Ba idon ya cuce ni ba, ɗakin ne. Sai da ta rasu wani baffana ya ba ni sanda ya tura ni bayan maruƙa." Ya karkato kai ya dube ni. "Ka samo mishi malfa tun yanzu. In ya karkata kai kar a gyara mishi, ta nan yake gani. Ka bar shi ya fita ya faɗi ya tashi. Kuma ka tafi ka ɗauko matarka tun maganar ba ta bushe ba."

Na kwana a rugarsa, da safe na kama hanyar Tozai. Surukina ya karɓe ni a zaure da fara'ar da ta nuna ba a gaya masa komai ba. Aka daɗe kafin a ce in shiga. Na sami matata bayan rumbu tana shanya kuɓewa.

Na ce mata na ga kawu. Na ce mata duniya ba ta rawa a idon yaron. Ta tsaya da hannu a cikin faifai, na ga ita ma abin ya daɗe yana cinta. Sai na shiga ba ta haƙuri, amma ta hanyar da na iya. Na ce ba wanda ke zaɓen abin da ya ɗauko, na ce ni ma Allah kaɗai ya san abin da ke kwance a jikina, na ce a kwalabena ma daga uwa da uba abin ya fito.

"Ni ba ƙuda ba ce, Malam," ta ce.



"A gaban Inna ka faɗa. A gabanta za ka gyara." Ta ci gaba da baza kuɓewar. "Kuma ina da wani cikin. Wata biyu. In za ka fara zarya, ka fara tun nan, kar ka kai mini ita gida."

Mun koma Isa tare bayan kwana biyu. Na zaunar da Inna, matata na zaune, na ce ni na yi kuskure da na ɗora abin a kan mutum ɗaya, na ba ta labarin tsohon da mutum uku ke jira ya buɗe baki a kara. Inna ta ji, ta ce to. Ba ta janye maganarta ba, ba ta kuma sake yinta ba. Da na leƙa gindin randa na tarar yashin a jiƙe, kaskon cike da ruwa. Kwana biyar ba na nan.

"Rai ne," Inna ta ce, da ta ga ina kallonta.

Na ci gaba da riƙon kwalba biyu kawai, na kai su aji na nuna wa manyan yara. Da bazara ta zagayo aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Bafarawa, suka mutu a hanya cikin kaya. Ban sake kamawa ba.

Zaryar kuwa na yi ta, sai dai a waje nake yinta, daga makaranta zuwa bakin kasuwa in dawo. Aka haifi mace, idonta baƙi ƙirin, a tsaye. Na yi murna kwana ɗaya. Ranar suna da yamma, bayan mutane sun watse, matata ta faɗi abin da ke raina: jaririyar ma tana iya kasancewa ɗauke da shi, kamar yadda uwarta ta ɗauko. Muka yi shawara a ranar cewa duk wanda ya zo neman aurenta za a gaya wa iyayensa tun kafin a karɓi komai.

'Ya'ya bakwai Allah ya ba mu. Cikin maza huɗu, biyu ne masu rawar ido. Babban ya gama elimantare yana zama a bencin gaba da hancinsa kusan a kan takarda, daga baya ya shiga fataucin fata tsakanin kasuwanninmu da Maraɗi, ya fi ni abin hannu tun bai kai talatin ba.

Da babbar 'yar tamu ta isa aure wani ɗan gidan mutunci ya fito, tana kuma sonsa. Na zauna da ubansa a zaure na gaya masa komai, kamar yadda muka yi alkawari. Ya yi godiya ƙwarai, ya ce ba kowa zai faɗa ba. Ba su sake dawowa ba. 'Yar ta yi wata biyu ba ta haɗa ido da ni, in ta kawo mini abinci sai ta ajiye ta juya. Uwarta ce ta riƙa shiga tsakaninmu, ita da na zata za ta ce a bar faɗa daga yau. Ta ce a'a, na gaba ma a gaya masa.

Na gaban wani mai gyaran keke ne a kasuwar Bafarawa. Ubansa ya rasu, don haka shi da kansa na gaya wa. Ya tambaye ni ko irin idon babban wanta nake nufi. Na ce shi. Ya ce ai tare suke zuwa Maraɗi, ya tambaye ni wace rana za a turo manya.